Tambayoyin Masu Karatu: Yadda Ake Shawo Kan Gansakuka a Tankin Kifin Ado

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili daga masu kiwon kifin ado a cikin gida, ƙorafinsu ɗaya ne, wato gansakuka ta mamaye tankin gilashin da suka ƙawata da hannunsu, kuma duk yadda suka goge ta sai ta dawo. Na zaɓi tambayoyin da nake ganin amsarsu za ta amfani kowa, na taƙaita su. Kusan dukkansu suna ƙarewa da neman sunan maganin da za a saya, ni kuwa a mafi yawan lokuta ba zan ambaci magani ba, domin gansakuka alama ce ta cewa haske ko abinci ya yi wa tankin yawa, kuma muddin ba a gyara wannan ba, abin da aka zuba a ruwa ba zai hana ta dawowa ba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da tanki mai cin lita 100 wanda na kafa wata takwas da suka wuce, da ƙananan kifaye kusan ashirin a ciki. Ina kunna fitilarsa tun da safe har zuwa lokacin kwanciya, kuma yana kusa da taga domin a riƙa ganinsa sosai. Ina ba kifayen abinci sau uku a rana. Idan na goge gilashin, cikin kwana uku sai ya sake yin kore, duwatsun ciki ma duk sun yi gashi. Wane magani zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka riga ka faɗi musabbabin matsalarka a cikin wasiƙar, kuma gyaranta bai buƙatar ka sayi komai sai wataƙila na'ura ɗaya ƙarama. Gansakuka halitta ce da take haɗa abincinta daga haske da iskar kabon da sinadaran da suka narke a ruwa, kamar yadda tsirrai suke yi. Ƙwayoyinta suna shiga tanki ta kan tsirrai, ta ruwan da aka zo da kifi a ciki, har ma ta iska, saboda haka babu tankin da babu ita. Abin da yake hannun mai tanki shi ne yawan hasken da take samu da yawan abincin da yake jiran ta a cikin ruwa.

Mu fara da haske. Fitilar da take ci daga safiya zuwa dare tana ba tankin awa goma sha huɗu ko fiye, alhali tankin da yake da tsirrai masu rai awa shida zuwa takwas sun ishe shi, wanda babu tsirrai kuwa fitilarsa don idon mai kallo kawai take, kifayen hasken ɗaki ya wadatar da su su bambance dare da rana. Ka mayar da lokacin fitila awa shida a kullum, ka zaɓi sa'o'in da kake gida domin ka more kallon, sannan ka haɗa ta da na'urar da take kunnawa da kashewa da kanta a kan lokaci, saboda mutum yana mantuwa, kuma rashin daidaiton lokacin haske shi ma yana taimakon gansakuka. Batun taga ya fi wannan girma. Hasken rana da yake faɗa wa gilashi kai tsaye ya fi kowace fitilar tanki ƙarfi nesa ba kusa ba, yana kuma ɗumama ruwa. Idan tankin zai matsu, a kwashe ruwan tukuna kafin a ɗaga shi, domin lita 100 ta ruwa kilo 100 ce ban da gilashi da tsakuwa, kuma ɗaga tanki da ruwa a ciki yana iya tsaga shi. Idan ba zai matsu ba, a sa labule mai kauri ko a liƙa takarda mai duhu a gefen da yake fuskantar taga.

Sai abinci, wanda shi ne mutane suka fi wuyar yarda da shi, domin kifi kullum yana tasowa sama kamar mai jin yunwa. Duk abincin da ya shiga tanki, ko kifi ya ci ya fitar da shi kashi, ko ya nutse ya ruɓe a tsakanin tsakuwa, ƙarshensa ɗaya ne. Yana zama amoniya, wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da suke zaune a cikin matatar ruwa su mayar da ita naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait ya zama naitiret. Amoniya da naitirait guba ne ga kifi, naitiret kuwa yana da sauƙi, sai dai yana taruwa mako bayan mako tare da fosfet da yake fitowa daga abincin, kuma su biyun taki ne ga gansakuka. Ka rage ciyarwa zuwa sau ɗaya ko biyu a rana, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti biyu, kada ka bar komai ya kwanta a ƙasa. Lafiyayyen babban kifi ba ya cutuwa idan aka tsallake masa kwana ɗaya a mako.

Abin da ya riga ya taru kuma, canjin ruwa ne yake fitar da shi. A kowane mako ka zuƙe kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na ruwan da tiyo, kana cusa bakin tiyon cikin tsakuwa domin ya tsotso dattin da ya kwanta, sannan ka cika da sabon ruwan da aka kashe kulorin ɗinsa, wato sinadarin da ake sa wa ruwan famfo don kashe ƙwayoyin cuta, kuma ɗuminsa ya yi kusa da na tankin. Ka goge gilashin kafin ka zuƙi ruwan, domin abin da ka kankare ya fita tare da shi. Gansakuka mai gashi da take kan duwatsu kuwa, tsohon buroshin haƙori ake sa mata a murza, sai ta naɗe a jikinsa a ciro. Yana da kyau ka mallaki kayan gwajin ruwa, ka yi ƙoƙarin riƙe naitiret ƙasa da miligiram 20 a kowace lita, idan ya haura 40 kuma ka san ko kifayen sun yi yawa ko canjin ruwan bai isa ba. Ka gwada ruwan da kake cika tankin da shi ma, domin wani ruwan yana zuwa da nasa naitiret da fosfet tun daga tushe.

Kada ka sa ran ganin canji a mako na farko. Gansakukar da take nan ba za ta ɓace don an rage fitila ba, sai an cire ta da hannu, abin da za ka lura da shi shi ne tazarar da take ɗauka kafin ta dawo tana ƙaruwa. Ka ba wannan tsari mako uku zuwa huɗu kafin ka yanke hukunci a kansa. Zan kuma ƙara da cewa ɗan kore a bayan tanki ko a kan dutse ba aibi ba ne, kifaye da yawa suna tsattsagarsa, kuma ni ban ga dalilin da zai sa a yaƙe shi ba matuƙar bai rufe gilashin gaba ko ganyen tsirrai ba.

Tambaya: Malam, mako uku ke nan da na kafa sabon tanki, sai ga wata ƙura mai launin ƙasa-ƙasa ta lulluɓe gilashi da yashi da ganyaye. Tana gogewa da yatsa amma tana dawowa. Ko ruwan ne ba shi da kyau?

Amsa: Malama, ki kwantar da hankalinki, wannan ita ce mafi sauƙin duk ire-iren gansakuka. Ƙananan halittu ne masu ƙwayar rai ɗaya da ake kira dayatom, waɗanda suke gina ɓawonsu da sinadarin silika, kuma kusan kowane sabon tanki sai ya gamu da su. Dalili shi ne bakteriyar da take tace amoniya tana buƙatar kamar mako huɗu zuwa shida kafin ta kafu a cikin matata, tsirrai ma ba su gama kama ƙasa ba, sabon yashi da ruwan famfo kuma suna iya kawo silika. A wannan tsakanin dayatom ba su da abokin takara. Da zarar tankin ya daidaita, yawanci sai su ja da baya da kansu cikin 'yan makonni, wani lokaci wata biyu ko uku.

Abin da ya kamace ki shi ne ki goge gilashi da soso mai tsabta wanda sabulu bai taɓa taɓawa ba, ki murza ganyaye a hankali da yatsa domin kada ƙurar ta tare musu haske, ki ci gaba da canjin ruwa na mako-mako. Kada ki ƙara kifaye a yanzu, kuma kada ki ƙara lokacin fitila da nufin korar launin ƙasar, domin hakan zai buɗe wa koriyar gansakuka ƙofa, ita kuwa ta fi wuyar sha'ani.

Tambaya: Ruwan tankina ne kansa ya koma kore shar, har ba na hango kifayen da suke baya. Na kwashe kifayen, na zubar da ruwan gaba ɗaya, na wanke tsakuwa da soson matata a ƙarƙashin famfo har suka yi fes. Bayan mako ɗaya koren ya dawo, kuma kifi uku sun mutu. Me ya faru?

Amsa: Ɗan'uwa, na yi maka jaje, kuma na san niyyar tsabta ce ta sa ka yi hakan, amma wankin nan shi ne mafi kusantar abin da ya kashe kifayen, ba koren ruwan ba. Soson matata mazaunin bakteriyar da na ambata a amsar farko ne, kuma kulorin da yake cikin ruwan famfo an sa shi ne musamman don ya kashe ƙwayoyin cuta, ba ya bambance mai amfani da mai cutarwa. Da ka wanke soso da tsakuwa a lokaci guda, sai tankin ya koma kamar sabo alhali yana cike da kifaye, amoniya ta taru babu mai tace ta, ta ƙona musu sassan da suke numfashi da su. Wannan shi ne garin gyaran gira a rasa ido, kuma kuskure ne da masu sabon kiwo da yawa suke faɗawa a ciki. Daga yau, idan soson ya toshe, ka matse shi a cikin bokitin ruwan da ka zuƙo daga tankin, ka mayar da shi da sauran launinsa na datti, kuma kada ka canza duk kayan cikin matata a rana ɗaya.

Shi koren ruwa, gansakuka ce mai ƙwayar rai ɗaya da take yawo a cikin ruwa maimakon ta manne a jikin wani abu. Ƙanƙantarta ta sa take ratsa soson matata, saurin hayayyafarta kuma ya sa canjin ruwa kaɗai ba ya gamawa da ita, domin ɗan abin da ya rage yana sake cika tankin cikin kwanaki. Haske mai ƙarfi da ɓullar amoniya su ne suka fi tayar da ita, ka ga ke nan wankin da ka yi ya ƙara mata abin da take so. Ita kanta ba guba ba ce ga kifi, har masu ƙyanƙyasar kifi suna noman irin wannan ruwa da gangan don ciyar da 'ya'yan kifi. Haɗarinta yana cikin dare, lokacin da ta daina samar da iskar oksijin ta koma shaƙarta tare da kifaye.

Hanyar farko ita ce duhu. Ka kashe fitila, ka lulluɓe tankin da bargo ko kwali ta kowane gefe yadda ko ɗigon haske ba zai shiga ba, har kwana uku zuwa huɗu, ba tare da ɗagawa kana leƙawa ba. Matata ta ci gaba da aiki, ka kuma sa na'urar busa iska, domin gansakukar da take mutuwa tana ruɓewa, ruɓewar kuma tana cin oksijin. Ba sai ka ciyar da kifayen a waɗannan kwanaki ba. Idan ka buɗe, ka canza kusan rabin ruwan. Hanya ta biyu ita ce na'urar da take bi da ruwa ta gaban fitilar UV, wato fitila mai hasken kashe ƙwayoyin cuta, a cikin rufaffen bututu, hasken ya kashe ƙwayoyin da suke yawo. Tana share koren ruwa cikin kwanaki kaɗan, amma ba ta taɓa gansakukar da take manne a gilashi ko dutse, don haka kada wanda matsalarsa ta gilashi ce ya saye ta. Kafin duk wannan, tunda matatarka tana sake kafuwa ne, ka riƙa gwada amoniya da naitirait kullum, duk ranar da ka ga alamarsu ka canza wani kaso na ruwan, har sai gwajin ya tsaya a sifili.

Tambaya: An ce mini akwai kifin da yake cin gansakuka, idan na sa shi na huta da goge gilashi. Tankina mai lita 60 ne. Wanne zan nema?

Amsa: Hajiya, akwai su, kuma suna taimakawa, sai dai hutawa gaba ɗaya babu ita, domin duk mai cin gansakuka yana fitar da kashi, kashin kuma ya koma takin wata gansakukar. Sannan kowanne yana da irin wadda yake ci da wadda ba ya kallo. Na fi damuwa da a san girman da dabbar za ta kai kafin a kawo ta gida, saboda a nan ne ake yawan cutar da su.

Kifin da aka fi miƙa wa masu wannan tambaya shi ne fuleko na gama-gari, mai baki kamar matsotsi, ɗan asalin kogunan Kudancin Amurka. Ana sayar da shi yana ɗan ƙarami kamar yatsa, amma yana kai santimita 30 har fiye, yana da yawan kashi, kuma idan ya girma sha'awarsa ga gansakuka tana raguwa. Tankin lita 60 ba wurinsa ba ne. Waɗanda suka gaji da shi suka sake shi a ruwan waje sun jawo ɓarna, domin ya yaɗu a kogunan jihohin Fulorida da Tekzas na Amurka da kuma ƙasar Filifin, inda yake haƙa ramuka a gaɓar ruwa yana takura wa kifayen asali. Kada a taɓa sakin kifin tanki ko tsironsa a kogi ko tafki. Haka kuma ki guji wanda ake kira mai cin gansakuka na Sin, wato Gyrinocheilus, wanda yake girma ya wuce santimita 20, ya zama mafaɗaci, har yakan manne a jikin kifaye masu faɗi yana tsotsar yauƙin da yake kare fatarsu.

Ga tanki irin naki, dodon koɗi na nerait shi ne zaɓina na farko. Yana kankare dayatom da koren da yake manne a gilashi, har da ɗigo-ɗigon nan masu tauri da suke gagarar yawancin kifaye, ba ya cin lafiyayyen tsiro, kuma 'ya'yansa ba sa rayuwa a ruwan daɗi, saboda haka ba zai cika miki tanki ba, sai dai macen tana liƙa fararen ƙwai a kan itace da duwatsu. Biyu sun isa, kuma a rufe tankin domin yakan hauro waje. Gansakuka mai gashi kuwa, jatan landen Amano ya fi kowa iya ta. Sunan ya samo asali daga Takashi Amano, ɗan ƙasar Jafan mai ɗaukar hoto da tsara tankunan tsirrai, wanda ya yaɗa amfani da shi tun shekarun 1980, ya kuma rasu a 2015. Sai dai kada a haɗa shi da manyan kifayen da bakinsu zai iya ɗaukarsa. Akwai kuma ƙaramin kifi Otocinclus wanda bai wuce santimita 5 ba, mai son zama cikin garke na kamar shida, amma ba ya jure sabon tanki, kuma da yawa suna mutuwa da yunwa bayan sun cinye abin da yake gilashi. Duk wanda ya ajiye su, wajibi ne ya riƙa ƙara musu abincin da aka yi don masu cin ganye. Mai tankin da ya kai lita 80 zuwa 100 ko fiye yana iya ajiye Ancistrus, ɗan'uwan fuleko mai tsiron gashi a hanci, wanda yake tsayawa a santimita 12 zuwa 15.

Tambaya: Ina da tsirrai masu rai a tankina, amma gefen ganyayensu da bakin bututun matata sun fitar da wani baƙin gashi gajere mai tauri, wanda ko da farce ba ya cirowa. Ina zuba takin tsirrai kuma ina da fitila mai ƙarfi.

Amsa: Malam, wannan ita ce masu kiwo suke kira baƙin gemu, kuma tana cikin masu taurin kai. Duk da baƙin launinta, daga dangin jar gansakuka take, shi ya sa idan ta mutu take komawa ja ko ruwan hoda kafin ta yi fari ta zube. Ta fi kama tsirrai masu jinkirin girma irin su Anubias, da wuraren da ruwa yake bugawa da ƙarfi. Masu tankunan tsirrai sun daɗe da lura cewa tana yawaita inda iskar kabon take hawa da sauka ko ta yi ƙaranci, da inda datti ya taru a matata da tsakuwa.

Fitila mai ƙarfi tana tura tsiro ya yi saurin girma, saurin girman kuma yana buƙatar kabon da taki daidai gwargwado. Idan ɗaya ya gaza, tsiron sai ya tsaya, ganyensa ya raunana, hasken da ya rage kuma ya zama rabon gansakuka. Tunda ba ka ambaci cewa kana ba tankin iskar kabon ba, shawarata ita ce ka rage ƙarfin fitilar ko ka ɗaga ta sama kaɗan, maimakon ka daina zuba taki gaba ɗaya. Mutane da yawa suna yanke taki da zarar sun ga gansakuka, sai tsirrai su rigaya ta jin yunwa, domin ita ɗan abin da ya rage a ruwa ya ishe ta.

Ganyen da ta cinye gefensa ba ya warkewa, ka yanke shi daga tushe. Duwatsu da itace da bututu kuma ka ciro su waje, ka fesa musu ruwan haidurojin feroksaid mai ƙarfin kashi 3 cikin ɗari, ka bar su kamar minti biyar, ka ɗauraye ka mayar. Na fi son a yi wannan a wajen tanki, domin zuba shi a ciki fiye da kima yana cutar da jatan lande da kifi da bakteriyar matata. Kifin Crossocheilus, wanda ake kira mai cin gansakuka na Siyam, yana cikin ƙalilan da suke cin baƙin gemu, amma yana kai santimita 15 kuma yana son filin iyo. Sannan ka ƙara tsirrai masu saurin girma, musamman masu yawo a saman ruwa irin su kainuwa, domin suna samun kabon daga iska kai tsaye, suna zuƙe naitiret da sauri, suna kuma yi wa na ƙasa inuwa. Ka riƙa rage su kada su rufe fuskar ruwan duka.

Tambaya: Wani abu mai santsi, kore mai sirkin shuɗi, ya shimfiɗu a kan yashin tankina kamar fata, yana ɗagowa falle-falle, kuma yana da wari. Na cire shi da safe, kafin washegari ya dawo.

Amsa: Malama, warin da yadda yake ɗagowa sun nuna cewa wannan sayanobakteriya ce. Bakteriya ce mai haɗa abinci daga haske, don haka magungunan gansakuka na yau da kullum ba su cika yi mata komai ba, kuma kusan babu kifi ko dodon koɗin da yake cin ta. Wasu ire-irenta suna fitar da guba, saboda haka ki wanke hannu sosai bayan kin taɓa ta. Idan aka ƙyale ta, tana lulluɓe tsirrai ta hana su haske har su mutu.

Ta fi son wurin da ruwa ba ya motsi kuma datti ya kwanta, yawanci a gaban gilashi inda haske yake faɗa wa yashi. Abin da yake ba mutane mamaki shi ne tana yawan bayyana a tankin da naitiret ya yi ƙasa ƙwarai, domin tsirrai sun tsaya da girma saboda rashinsa, wasu ire-irenta kuma suna iya ɗaukar naitirojin daga iskar da ta narke a ruwa. Ki zuƙe duk abin da kika iya da siririn tiyo, ki tsabtace yashin, ki juya bakin matata yadda ruwa zai riƙa ratsa wurin, sannan ki yi mata duhun kwana uku zuwa huɗu kamar yadda na bayyana a batun koren ruwa. Idan kina da tsirrai kuma gwaji ya nuna naitiret sifili, ki zuba takin da zai ɗaga shi zuwa kamar miligiram 10 a lita. Maganin kashe bakteriya na eritiromaisin yana kashe ta, amma ban so a fara da shi ba, domin yana iya taɓa bakteriyar matata, kuma yawan amfani da irin waɗannan magunguna ba bisa ƙa'ida ba yana haifar da ƙwayoyin da ba sa jin magani.

Tambaya: Shin maganin kashe gansakuka na kwalba yana da haɗari? Kuma da me zan wanke furannin roba da kayan adon da suka yi kore?

Amsa: Alhaji, kafin ka zuba kowane irin magani ka karanta abin da aka haɗa shi da shi. Wasu suna ɗauke da sinadarin jan ƙarfe, wanda ko kaɗan ne yana kashe jatan lande da dodon koɗi, wasu kuma suna lalata tsirrai masu laushi. Ko wanda ba shi da wannan illa, idan ya kashe gansakuka mai yawa a lokaci guda, ruɓewarta tana rage oksijin ta kuma tayar da amoniya. Wanda ya ga lalle sai ya yi amfani da shi, ya fara cire mafi yawanta da hannu, ya auna daidai da ainihin litar ruwan da take cikin tankin bayan an cire gurbin tsakuwa da duwatsu, ya kuma ƙara busa iska a kwanakin.

Kayan ado marasa rai kuwa, sau da yawa ruwan zafi da buroshi sun isa. Idan sun ƙi, a jiƙa su minti goma zuwa goma sha biyar a cikin bilic marar turare, kashi ɗaya a cikin kashi goma sha tara na ruwa, a ɗauraye sosai, a sake jiƙawa a ruwan da aka zuba wa maganin kashe kulorin, sannan a shanya su bushe har warin ya tafi. Ba a yi wa itace haka, domin yana shanye bilic ɗin ya riƙa sakinsa daga baya. Sabulu da omo kada su kusanci komai na tanki, har da bokiti da soso, gara a ware musu nasu daban. Ɗigon kore mai tauri a jikin gilashi reza ce take kankare shi idan aka kwantar da ita, a kuma nisanci kusurwoyin da aka liƙe da gam, amma tankin da aka yi da roba mai kama da gilashi reza tana yi masa zane, sai a yi amfani da tsohon katin roba ko soso mai laushi.